Harajin ɗan bida: gida ke bin mutumin Kurfai, ko ƙasar da ya je nema?

Da zarar an gama girbi an kai dammunan hatsi rumbu, tashar motar Filinge kan cika da samari da magidanta masu haramar tafiya bida. Wasu a Yamai za su tsaya, kilomita wajen 180 daga gida, amma da yawa gaba suke yi: Kwatano, Lome, Abijan, Kumasi, Legas, Kano, wasu kuma su nufi arewa, Aljeriya da Libiya. Akwai mai komowa kafin ruwan shuka, akwai mai shekara biyu ko uku bai leƙo ba, akwai kuma wanda ya kwashi iyali ya zauna can dindindin, sai sallah ko rasuwa ke kawo shi. Kowane ɗayansu, ya sani ko bai sani ba, hukumomin ƙasa biyu na iya cewa suna da rabo a abin da ya samo.

Abin da mutane da yawa suka ɗauka shi ne ɗan Nijar, Nijar ce kaɗai ke binsa haraji, baƙo kuma ba ruwansa da harajin ƙasar da ya sauka. Dokokin ba haka suke tafiya ba. Takardar ɗan ƙasa ita ce abu na ƙarshe da ma'aikatan haraji ke tambaya. Abin da suke fara dubawa shi ne inda mutum yake zaune, inda ya yi aikin da ya kawo kuɗin, da inda dukiyarsa take kafe. Amsar kuma tana sauyawa gwargwadon iyakar da aka ƙetare: wanda ya je Abijan da wanda ya je Legas ba matsayinsu ɗaya ba, ko da gida ɗaya suka fito.

Lanho ne ya fara korar mutane zuwa bida

Kalmar lanho da tsofaffi ke faɗa har gobe daga faransanci ta fito, l'impôt. Bayan da Faransawa suka kafa bariki a Filinge a farkon ƙarni na 20, sun ɗora harajin kai a kan jama'a da jangali a kan dabbobi, daga baya kuma suka tsaya a kan sai da tsabar kuɗinsu za a biya. Ƙasar Kurfai ba ta cikin yankin gyaɗa irin na Maraɗi da Damagaram, inda manomi ke sayar da amfanin gona ya biya lanho. Abin sayarwar da ya rage wa talaka shi ne dabbarsa ko ƙarfinsa. Haka hanyar kurmi ta buɗe: maza su taka da ƙafa har Kumasi da Akra, su yi dako, aikin haƙar zinari ko faci, su dawo da kuɗin lanho da ɗan tufafi. A yunwar 1931, wadda ta yi wa yammacin Nijar mummunan ta'adi bayan ɓarnar fara, ba a daina karɓar haraji ba, abin da ya ƙara tura ƙauyuka gudu.

Harajin kai ya ci gaba bayan samun 'yancin kai a 1960. Sai a mulkin Seyni Kountché, ɗan Fandu a nan gundumar Filinge, wanda ya karɓi mulki ranar 15 ga Afrilun 1974, kuɗin yuraniyom suka ba gwamnati damar sauke shi a ƙarshen shekarun 1970, aka bar ƙaramin harajin da ke shiga asusun gunduma. A ɗaya ɓangaren iyaka ma, a 1979 ne gwamnonin Kano da Kaduna, Abubakar Rimi da Balarabe Musa, suka soke haraji da jangali a jihohinsu. Lanho ya ragu, amma bida ba ta tsaya ba, domin ta riga ta zama rabin abincin gida.

Sunan da bai fita daga rajistar mai gari ba

Magajin wancan ƙaramin haraji shi ne wanda ake kira taxe municipale, yana da takwara a cikin birane mai suna taxe de voirie. Tun da aka yi zaɓen ƙananan hukumomi na farko a Yulin 2004, asusun ma'aikatar magajin gari yake shiga, a Filinge ne, a Kurfai ta Tsakiya, Imanan ko Tondikandiya. Shekaru da dama sefa 700 ake karɓa a kan kowane mutum a ƙauyuka da yawa, wato dala 140 a lissafin kasuwa. Doka ta ɗauke wa wasu, kamar yara, tsofaffi, ɗalibai da naƙasassu. Masu gari da hakimai ke tarawa, a ba su wani kaso na ladan wahala. Rusa majalisun ƙananan hukumomi da aka yi a Afrilun 2024, aka naɗa jami'an riƙo, bai canza wannan hanyar ba.

Abin lura a nan shi ne, wannan haraji ba ya duba abin da mutum ya samu, suna yake bi. Maigida ne ke biyan na duk wanda ke cikin katin iyalinsa, kuma ana fitar da jerin ne daga ƙidayar da hukuma ke yi jifa-jifa. Ɗan da ya shekara bakwai a Abijan, in dai ba a cire sunansa ba, yana nan a takarda kamar jiya ya fita gona, kuma mahaifinsa ko wansa ne mai gari zai tsare. Wannan ne tushen ƙorafin da aka fi ji: "Ina biya can, ana biya mini nan." A idon doka kuwa ba biya biyu ba ne, domin harajin kai daban, harajin sana'a ko na albashi daban, kuma babu yarjejeniyar da ke cewa a rage ɗaya saboda an biya ɗayan.

Mafita ɗaya ce: wanda ya tare a waje da gaske, a je ma'aikatar magajin gari a gyara katin iyali. To amma ba kowa ke son haka ba, kuma suna da hujja. Sunan mutum a rajistar ƙauye shaida ce cewa ɗan gari ne, tana da amfani ranar rabon gado, ranar rikicin gona, ranar rabon tallafin abinci ko neman takardu. Idan aka auna, dala 140 a shekara ba tsada ba ce a kan wannan shaidar. Abin da bai dace ba shi ne a bar tsoho da nauyin biyan na 'ya'ya huɗu ko biyar da ke waje, alhali aike ɗaya ya isa ya rufe shekara.

Kwana 183

Ƙasashe da dama a yankin suna amfani da ma'auni guda wajen cewa mutum mazauni ne ta fuskar haraji: idan ya yi kwana 183 ko fiye cikin wata goma sha biyu. Haka yake a dokar Najeriya, haka yake a dokar harajin Gana ta 2015. Mazauni, ƙasar na iya neman haraji a kan duk abin da ya samu, har wanda ya samo a waje. Wanda bai kai ba, abin da ya samu a cikin ƙasar kaɗai za ta taɓa.

Ɗan cin rani na Kurfai a kan wannan layin daidai yake tafiya. Wanda ya isa Legas ranar 1 ga Disamba ya baro ta ranar 31 ga Mayu, kwana 182 ya yi. Da ya riga da mako biyu, ko damina ta yi jinkiri ya ƙara kwanaki, ya zama mazaunin Najeriya a lissafin haraji, ko da matarsa da gonarsa suna Shikal.

Sai dai akwai kuskuren fahimta da ya yaɗu, har a tsakanin 'yan boko: cewa wanda bai cika wata shida ba ba a binsa komai. Ba haka ba ne. Kuɗin da aka samu a cikin ƙasa, daga mai aiki na ƙasar ko daga kasuwar ƙasar, ita ke da haƙƙin farko a kansu tun daga ranar farko. Lissafin kwanaki yana raba gardama ne a kan sauran dukiyar mutum, da kuma wasu ma'aikata ƙalilan da za a ambata a ƙasa.

Ƙasashen sefa: akwai rubutacciyar ƙa'ida

Wanda ya nufi Benin, Togo, Kwaddibuwa, Burkina Faso, Mali, Senegal ko Gini Bisau yana da abin riƙewa. Waɗannan bakwai da Nijar su ne ƙungiyar UEMOA, kuma ranar 26 ga Satumban 2008 majalisar ministocinta ta amince da ƙa'ida mai lamba 08/2008 ta hana karɓar haraji sau biyu a kan abu ɗaya, wadda ta fara aiki a Janairun 2009. Nijar ta fice daga CEDEAO, amma tana nan cikin UEMOA, don haka ƙa'idar na aiki.

Idan ƙasa biyu kowace ta ce mutumin nata ne, ƙa'idar ta shimfiɗa matakai. Da farko a duba inda yake da mazauni na dindindin. In yana da shi a duka biyun, a duba inda rayuwarsa ta fi karkata, wato iyali, sana'a da dukiya. In hakan bai raba ba, a duba inda ya fi yawan zama. Sai an rasa duka kafin a koma ga takardar ɗan ƙasa. Magidancin da matansa, 'ya'yansa da gonarsa ke Bonkuku, shi kuma yana kwana a ɗakin haya da 'yan uwa a Ajame, yana da ƙwaƙƙwarar hujjar cewa shi mazaunin Nijar ne. Wanda ya kai iyali Abijan, 'ya'yansa na makaranta can, shagonsa na can, mazaunin Kwaddibuwa ne ko da kowace shekara yana zuwa gida azumi.

A kan albashi, asalin ƙa'idar shi ne a biya inda aka yi aikin. Misali, magini ɗan Filinge da wani kamfanin Wagadugu ya ɗauka, Burkina ce za ta yanke harajin albashinsa tun watan farko. Amma in kamfanin Yamai ne ya tura shi wani ɗan aiki na wata huɗu, kamfanin ba shi da reshe a can, kuma daga Yamai ake biyansa, to harajin ITS na Nijar kawai ke kansa, wanda a tsarin da aka daɗe ana bi yake tashi daga kashi 1 zuwa kashi 35 cikin ɗari gwargwadon girman albashi. Sharuɗɗan uku ne, kuma sai sun haɗu duka: bai wuce kwana 183 ba, mai aikin ba na ƙasar ba ne, albashin ba daga reshen da ke ƙasar yake fita ba. Idan duk da haka ƙasa biyu suka sa hannu a kan kuɗi ɗaya, ƙasar da mutum yake zaune ita za ta rage masa abin da ya riga ya biya a can. Ba a yin wannan ragi da baki, sai da takardar shaidar biya.

Ƙa'idar ta kuma hana a ɗora wa ɗan wata ƙasar ƙungiyar harajin da ya fi na ɗan gida nauyi in halinsu ɗaya. Tana da wani gefe da ba a cika faɗa ba: ta ba ma'aikatun haraji damar musayar bayanai da taimakon juna wajen karɓar bashi. Babban ɗan kasuwar da ya rufe shago a Lome ya gudo da bashin haraji, bisa doka iyaka ba ta wanke shi ba.

Gaskiyar magana, mafi yawan 'yan bidar Kurfai ba su da takardar albashi. Masu tebur ne, masu yawo da kaya, masu gadi, mahauta, masu shayi. Su abin da ke kansu shi ne harajin ƙananan 'yan kasuwa na dunƙule, wanda kowace ƙasa ta ba shi sunanta: impôt synthétique a Nijar, TPS a Benin, a Kwaddibuwa kuma wanda cinikinsa bai wuce sefa miliyan 5 a shekara ba, ma'aikatar magajin gari yake biya. Ga kuma tikitin kasuwa na kullum, a Dantokpa ne ko a kasuwar Lahadi ta Filinge. Wannan duka na wurin da aka kasa kaya ne, Nijar ba ta da hurumi a ciki. Mai shago biyu, ɗaya a Kwatano ɗaya a Filinge, kowane shago zai biya a inda yake, kuma wannan ma ba biya biyu ba ne.

Najeriya da Gana: babu laima

Nan ne lamarin ya fi tauri, kuma nan ne jama'a suka fi yawa. Najeriya da Gana ba sa cikin UEMOA, kuma babu yarjejeniyar haraji ta ƙasa da ƙasa tsakanin Nijar da Najeriya. CEDEAO ta amince da tata dokar hana biya biyu a Disamban 2018, amma don mambobinta aka yi ta. Nijar, Mali da Burkina sun sanar da ficewarsu ranar 28 ga Janairun 2024, ficewar ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025. CEDEAO ta ce za a ci gaba da mutunta zirga-zirgar jama'a da takardunsu har sai an sake shawara, to amma izinin shiga daban, rangwamen haraji daban. Ma'aikaci ko ɗan kasuwar da ke da ƙafa a ƙasashen biyu bai kamata ya gina lissafinsa a kan waccan dokar ba.

A Najeriya, harajin kuɗin shigar mutum jihar da yake zaune ce ke karɓa, ba gwamnatin tarayya ba: na Legas ya biya hukumar harajin Legas, na Kano ya biya ta Kano. Mai albashi ana yanke masa tun kafin kuɗin su shigo hannu. Sabbin dokokin harajin da shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yunin 2025, suka fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, sun ɗauke haraji daga naira 800,000 na farko da mutum ya samu a shekara, wato kusan naira 67,000 a wata, mafi girman kaso kuma ya tsaya a kashi 25 cikin ɗari. Ke nan mai gadi ko ɗan ga-ruwa da samunsa bai wuce wannan ba, doka ba ta binsa harajin kuɗin shiga, ɗan ƙasa ne ko baƙo.

Wannan ba ya nufin aljihunsa ya huta. Abin da ke cin ɗan bida a Najeriya ba babban haraji ba ne, ƙananan karɓe-karɓe ne: tikitin ƙaramar hukuma, kuɗin ƙungiyar kasuwa, kuɗin tasha, kuɗin shara, da na masu tare hanya waɗanda ba a san asusun da suke zubawa ba. Baƙon da takardunsa ba su cika ba shi ya fi saurin miƙawa, don gudun dogon bincike. Ga kuma faɗuwar naira tun bayan da aka sake ta a Yunin 2023, alhali sefa na ɗaure da yuro a kan 655.957. Lanhon gida da sefa ake biyansa, hatsin bazara ma haka, don haka guminsa na raguwa a hannun ɗan canji fiye da yadda kowane haraji zai rage shi.

A Gana, hukumar GRA ta daɗe da tsarin hatimin haraji na ƙananan masu sana'a, wanda ake saye duk wata uku. Amma biyan haraji bai zama lasisin kasuwanci ba. Dokar zuba jari ta 2013 ta keɓe wa 'yan ƙasa sayar da kaya a kasuwa da talla, ta kuma ce baƙon da zai yi fatauci sai ya zuba jarin dalar Amurka miliyan ɗaya ya ɗauki 'yan Gana 20 aiki. Da ita ake kafa hujja duk lokacin da aka tashi rufe shagunan baƙi a Kumasi da Akra. Dattawan Kurfai da suka ga korar baƙi ta Busia a Nuwamban 1969, da ta Najeriya a Janairun 1983, sun san yadda dukiyar da ba ta da takarda ke salwanta cikin mako biyu.

Aike, gidan haya da kayan da aka shigo da su

Kuɗin da ɗan bida ya aiko wa iyayensa ko matarsa ba albashi ba ne, ba ribar kasuwanci ba ce a hannun wanda ya karɓa, saboda haka ba a binsu harajin kuɗin shiga. Abin da ake cirewa a NITA, Al Izza ko Amana ladan aike ne da harajin da ke kan hidimar kamfanin. A Najeriya akwai naira 50 da ake cirewa a kan tura kuɗi ta banki daga naira 10,000 zuwa sama. Gana ta gwada nata harajin tura kuɗi ta waya a 2022, ta soke shi a 2025. Mai ɗauko tsabar kuɗi a jiki kuwa ya sani cewa a iyakar Najeriya duk abin da ya wuce kwatankwacin dalar Amurka 10,000 sai an bayyana shi, a ƙasashen UEMOA ma bankin BCEAO ya tsaida nasa ma'aunin. Bayyanawa ba biyan haraji ba ce, ɓoyewa ce ke jawo ƙwace.

Labari yana canzawa ranar da kuɗin suka zama gini. Gida, fili ko shago, ƙasar da suke cikinta ce ke da harajinsu, ko ina mai su yake kwana. Wanda ke zaune a Abijan ya gina gida a Filinge ko a Yamai ya zuba 'yan haya, ma'aikatar haraji ta Nijar, DGI, ita ke binsa harajin kuɗin hayar, kuma bashin na taruwa ko bai zo ba. Yawanci sai ranar sayarwa ko ranar neman takardar mallaka yake fitowa fili. Haka nan wanda ya dawo gida ya bar gini a Kwaddibuwa, harajin ginin na can yana jiransa ko yana jiran magadansa.

Kuɗin duwan kuma wani babi ne dabam. A kan kaya yake, ba a kan mutum ba: babur, mota, buhunan kaya na sayarwa, ko da da halaliyar mutum ya saya, ko da ya biya haraji a inda ya sayo. Haka harajin da ke ɓoye cikin farashi, TVA, wanda yake kashi 19 cikin ɗari a Nijar, 18 a Benin, Togo da Kwaddibuwa, 7.5 a Najeriya. Mai cewa bai taɓa biyan haraji a waje ba, yana biya duk ranar da ya sayi katin waya ko sabulu. Rufe gadar Gaya da Malanbil tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya tsawaita hanyar masu zuwa kurmi, kowane sabon shinge kuma da nasa kashe kuɗi.

Abin da aka yanke don tsufa

Ƙalilan da suka samu aikin kamfani suna ganin wani yanki na biyu a takardar albashi, na asusun fansho. Wannan ba haraji ba ne, ajiya ce, kuma ita ce aka fi yin asararta. A Najeriya ma'aikaci na zuba kashi 8 cikin ɗari, mai aiki ya ƙara 10. A Gana, ma'aikaci kashi 5.5, mai aiki 13. A Kwaddibuwa asusun CNPS ne, takwaran CNSS ta Nijar. Ƙasashen ƙungiyar CIPRES sun rattaba hannu a Dakar a 2006 kan yarjejeniyar da ke nufin a haɗa wa ma'aikaci shekarun da ya yi a ƙasashe daban-daban, amma Najeriya da Gana ba sa ciki. Wanda ya bar aiki ya taho ba tare da lambar asusunsa da takardar shaidar aiki ba, da wuya ya sake ganin kuɗin, iyalinsa kuma bayan ransa ba za su san ma akwai su ba.

Faransa, Magrib da iyakar Mali

Yarjejeniyar haraji tsakanin Nijar da Faransa ta 1 ga Yunin 1965 ta daɗe tana kare masu albashi da masu fansho na ɓangarorin biyu. Ranar 5 ga Disamban 2023 Nijar da Mali suka sanar da soke nasu yarjejeniyoyin, bayan Burkina ta riga su. 'Yan Kurfai da abin ya shafa ba su da yawa, galibi 'yan boko ne da ke zaune a can suna da gidajen haya a nan, amma su yanzu kowace ƙasa dokarta za ta bi a kansu.

Masu zuwa Aljeriya da Libiya kuwa, mafi yawansu ba sa cikin kowace rajista, ba albashi a rubuce, ba resi. Matsalarsu ta wuce haraji: wanda aka kwaso aka zube a Asamaka yakan bar har ladan aikinsa a hannun mai gida.

Akwai kuma karɓar da ba ta cikin kowane kundin doka. A arewacin yankin, wajen Abala da iyakar Mali, 'yan bindiga sun shafe shekaru suna ƙwatar dabbobi da kuɗi daga makiyaya da manoma suna kiran abin zakka. Suna ne kawai aka ara. Amma tasirinsa a kan lissafin ƙananan hukumomi na gaske ne, domin ƙauyen da ya watse ba a tara lanho a cikinsa, mai garin da ke gudun hijira kuma ba shi da wanda zai bi.

Takardun da ke raba gardama

A duk waɗannan ƙasashe, nauyin kawo hujja a kan mai biya yake. Hatimin shiga da fita a fasfo ko takardar tafiya shi ke tabbatar da yawan kwanaki, wanda ya bi ta barauniyar hanya kuma ya rasa wannan shaidar. Katin ofishin jakadanci, wanda ake yi a ofisoshin Nijar na Abuja, Kano, Abijan, Kwatano ko Akra, yana nuna inda mutum ya tare da tun yaushe. Mai albashi ya adana takardar kowane wata, ya kuma nemi shaidar harajin da aka yanke masa kafin ya bar aiki, domin bayan ya taho ba mai aiko masa. Ɗan kasuwar da ke shigo da kaya da sunansa yana buƙatar lambar NIF daga DGI, wanda kuma yake son a yi masa aiki da ƙa'idar UEMOA, a nan ne zai nemi takardar shaidar cewa shi mazaunin Nijar ne ta fuskar haraji.

Adadin kuɗin da ake biya yana iya sauyawa da dokar kasafin kuɗi ta kowace shekara, a Nijar da maƙwabta duka, don haka kafin a sayar da gida ko a buɗe shago na biyu, gara a tambayi ofishin haraji da kansa maimakon ɗan kamasho na bakin ƙofa. Resin lanhon ƙauye ma a karɓe shi daga hannun mai gari a ajiye tare da katin iyali. Tun da yanzu kusan kowane ɗan bida na da waya mai ɗaukar hoto, a ɗauki hoton kowace takarda a tura wa wani ɗan uwa a gida, saboda jakar da ke ɗauke da asalin takardun ita ce ta farko da ke ɓata ranar kame ko ranar gobarar kasuwa.